Gemun da Bai Fito Ba

Shekarata arba'in da biyu, kuma gashin da ke haɓata bai kai ƙwaya ashirin ba. Na taɓa zama gaban madubi na ƙirga. 'Yan tsirarun da ke akwai kowanne ya kama gabansa, ba sa ga maciji da juna, don haka ranar Asabar nake bin su da ɗan almakashi in huta. Yau abin dariya ne a gidana. Amma an yi shekarun da ba na dariya da shi, Babana ma ba ya yi.

Baba tela ne a unguwar Tunga, cikin Minna. Shagonsa na bakin titi, inda ƙarar 'yan acaɓa da masu keke mai ƙafa uku ke danne ƙarar keken ɗinkinsa tun safe. Mutum ne mai gashi. Gemunsa cike yake, baƙi ƙirin a lokacin, har zare yakan maƙale a ciki ya yini bai sani ba. Yayana, wanda ke jan bas ɗin ɗalibai zuwa jami'ar da ke Gidan Kwano, shi ya ɗauko shi. Tun yana aji huɗu na sakandare saje ya sauko masa, kafin ya kai talatin sanƙo ya share masa gaban kai tas. Ni kuwa, autan maza, na kai sha takwas fuskata sumul kamar ta ƙanwarmu.

Da a wani gidan ne, da an yi ta tsokanata an wuce. A gidanmu abin yana da tarihi. Baba yana da wani baffa, ƙanin mahaifinsa, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Ba shi da gemu ko ɗigo. Ya yi aure sau uku bai samu haihuwa ba, da ya rasu aka mai da ɗakinsa wurin ajiye hatsi. Baba ya taso yana jin tsofaffin gidansu suna haɗa abubuwan nan biyu a magana ɗaya: ba gemu, ba ɗa. Ya riƙe maganar bai sake ta ba. Duk sanda ya kalli haɓata, baffan nan yake gani, da ɗakin hatsin.

Sai ya ɗauki mataki irin nasa. Kowace Juma'a da safe wani tsohon wanzami yana zuwa da zabirarsa ya yi wa mazan gidan aski a gindin mangwaron tsakar gida. Ranar da na cika sha takwas, bayan an gama da Baba da Yaya, Baba ya nuna mini kujerar.

Wanzamin ya kama haɓata ya juya ta hagu, ya juya ta dama, ya ce, "Maigida, me zan aske a nan?"

Baba ya ce, "Ka aske wurin. Gashin zai ji labari."

Shi a saninsa aska tana kiran gashi, in ana kankarewa dole ya fito da ƙarfi. Haka aka yi ta shafa mini sabulu ana bin fatar da ba komai a kanta, Yaya yana gefe yana riƙe ciki don dariya, yana cewa a bi a hankali kada a yanke gemun Malam. Shekara shida ana wannan aiki. Ko da na tafi kwalejin horon malamai, in na dawo hutu kujerar tana jirana. Ni ma ban zauna ba. Na shafa man kaɗanya da tafarnuwa, na shafa sifirit na wanke ciwo da wani ya rantse mini yana fitar da gemu cikin mako uku. Abin da ya fito ƙuraje ne.

Na fara koyarwa a wata sakandare, ranar farko mai gadi ya tare ni a ƙofa yana tambayata ina kayan makarantata. Wannan bai dame ni ba, har na riƙa ba da labarin ana dariya. Muryata ta buɗe kamar ta kowa, ina buga ƙwallo, ina ɗaukar buhun shinkafa in haura da shi bene. Da na yi aure ina da shekara ashirin da tara, na ɗauka maganar ta mutu.

Matata malamar firamare ce, mai fara'a, mai baki kuma, ba ta barin magana ta kwana a cikinta. Shekara ta farko ta wuce ba ciki. Ta biyu ta kama hanya. Baba, wanda da farko yakan biyo ta gidanmu bayan la'asar ya sha kunun gyaɗarta yana yabawa, sai ya ɗauke ƙafa. In na je shago, ya amsa gaisuwata, idonsa ya sauka a haɓata, ya koma kan ɗinkinsa. Bai taɓa ce mini uffan ba. Amma wata rana na shiga gidan su Baba ban yi sallama da ƙarfi ba, na ji yana gaya wa Inna a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, "Yarinyar mutane muka cuta. Na sani tun yana ƙarami, na yi shiru aka ɗaura."

Na juya na fita ba wanda ya gan ni. Ban taɓa jin ciwon magana kamar na wannan ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na yarda da shi. Na fara kallon kaina kamar kayan da aka sayar wa mutane da aibi a ɓoye.

Akwai wani abokina mai ɗaga ƙarfe, ƙirjinsa ya fi ƙofar ajinmu faɗi. Na gaya masa damuwata a kaikaice, ya gane kai tsaye. Bayan kwana biyu ya kawo mini 'yan kwalabe huɗu a cikin leda, ya ce allurar mazantaka ce, in na yi wata biyu ina yi gemu zai fito, sauran abin ma zai biyo baya. Na kai gida na tura su can cikin firji, bayan robar daddawa, ina jiran Asabar in nemi mai yi mini.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta na tarar da kwalaben a jere a kan tebur, matata tana zaune a gabansu ta naɗe hannu.

Ta ce, "Malam, miyar wa za a sa wa wannan?"

Na buɗe baki, sai komai ya zubo, har maganar da na ji Baba ya yi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi mini tatas. Ta ce ita da gemu aka ɗaura mata aure ko da ni? Ta ce wa ya ce mini matsalar daga ni take, ko ma akwai matsalar? Ta ce mutumin da ke koya wa 'ya'yan mutane karatu shi ne zai karɓi allura a leda daga hannun mai ɗaga ƙarfe?

"Gobe mu je asibiti, ni da kai. In likita ya ce ka yi, ni zan riƙe maka wando a tsira maka."

Likitan da muka gani dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, da furfura a saje, Hausarsa irin ta garin nan, mai sauƙi, ba ruwansa da ƙawa. Ya sa aka ɗebi jinina, aka gwada maniyyina, aka duba matata ita ma. Mako biyun da muka yi muna jira ban ci abinci da daɗi ba. Ranar da muka koma ya baza takardu a gabansa, ya gyara tabarau, ya dube ni.

"Malam, ba ka da komai. Madam ma ba ta da komai. Sinadarin namiji da ke jininka daidai yake, maniyyi lafiya. Shekara biyu ba ciki yana faruwa, za mu ci gaba da dubawa. Amma wa ya gaya maka ba ka da lafiya?"

Na shafa haɓata. Ya yi dariya har kujerarsa ta yi ƙara.

Sai ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa ɗalibaina manya in zancen ya taso. Ya ce sinadarin nan, testosteron, yawo yake yi a jini kamar yadda tasha ke watsa shiri. Amma shiri ba ya jiyuwa sai da rediyo. A cikin ƙwayoyin jikin namiji, a fata, a gindin gashi, a tsoka, akwai wani ɗan abu mai karɓar saƙon sinadarin, kuma ƙirarsa ba iri ɗaya ba ce a kowa. Na wani yana kamawa da ƙarfi, na wani a hankali. Maza biyu za su iya samun sinadari kusan daidai a jini, ɗaya gemu har ƙirji, ɗaya fuska kamar tawa, kuma duka lafiyarsu ƙalau. Ya ce ba wannan kaɗai ke yanke hukuncin gemu ba, akwai wasu abubuwan gado da yawa da ke sa hannu, amma wannan yana cikin manyansu.

Na ce, "To ai Babana da yayana gashi har a kunne."

Ya ce, "Wannan mai karɓa, ba a wurin baba ake gadonsa ba. Ɗa namiji a wurin mama yake samu. Mama tana da guda biyu, ɗaya daga babanta, ɗaya daga mamanta. Tana iya ba ka wannan, ta ba yayanka wancan. Ka je ka duba mazan gidan su mama."

Matata ta zaro ledar kwalaben daga jakarta ta ajiye masa. Ban san ta taho da su ba. Fuskarsa ta canza. Ya ce da na yi allurar nan, da jikina ya ga sinadari ya yi yawa daga waje ya rage yin nasa, maniyyin da yake lafiya yanzu ya ragu, wataƙila ya ɗauke na wani lokaci. Wato da hannuna na kusa jawo abin da nake tsoro. Ya ƙara da cewa yawan gashi ma ba lambar yabo ba ce, sinadarin da ke fitar da gemu shi ne ke taimaka wa sanƙo, shi ne kuma ke da hannu a kumburin wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar maza in shekaru sun ja. Ya ce in gaya wa Baba da Yaya, da ni kaina, duk wanda ya ga fitsari ya fara yi masa gardama kada ya zauna a gida.

Na fito daga asibitin ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. A hanya muka tsaya muka sayi tsire, muka ci a cikin keke kamar sabbin ma'aurata.

Da yamma na je gida na tarar da Baba a tsakar gida yana datse zaren wata riga, Inna tana tankaɗe. Na zauna na kwashe bayanin likita kaf na gaya masa, har da rediyon. Ya saurara bai ɗago ba.

Ya ce, "Likita ya faɗi nasa. Amma ɗa ɗan ubansa ne. Jini daga uba yake gangarowa, tun kaka da kakanni haka muka sani. Baffana ba ɗan'uwan uwarka ba ne."

Inna ta ajiye rariya. Ita 'yar Kuta ce, daga gidan manoman doya, mace ce da ba ta cika sa baki a maganar maza ba. Ta ce, "Malam, in tambaye ka. Ka taɓa kallon fuskar yayyena?"

Baba ya ɗago da sauri. "Subhanallahi! In kalli surukaina a ido?"

A nan abin yake. Inna marainiya ce tun tana budurwa, yayyenta maza biyar su suka ba Baba aurenta, su ne iyayenta a wurinsa. Baba kuwa mutum ne mai kunyar surukai irin ta mutanen da. Shekara talatin da biyar yana zuwa Kuta, in ya isa ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya kafe idonsa a ƙasa, ya yi gaisuwa, ya tashi ya koma inda baƙi suke. Ya san ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke da faso da wanda farcensa ya fashe. Fuskokinsu kuwa sai dai daga nesa, a fakaice. Ni kaina da nake zuwa hutu gidan ina yaro, ban taɓa haɗa haɓarsu da tawa ba, don tun ina ƙarami aka nuna mini inda zan duba, wato wajen dangin uba.

Inna ta ce, "Babanmu, Allah ya jiƙansa, mai gashi ne da sanƙo, irin na babban ɗanka. Dangin uwata ne aska ba ta taɓa hawa fuskarsu ba, kuma su yayyena suka ɗauko. Wata mai zuwa ana bikin 'yar babban yayana. Ka je ka ɗaga kai sau ɗaya."

Baba ya ce Allah ya kiyaye. Amma ranar bikin shi ya riga kowa shiga bas ɗin Yaya.

Mun isa Kuta da hantsi. Gidan ya cika maƙil, ana kiɗa a waje, mata na dakan sakwara a turmi uku. Kawunnaina biyar suna zaune a kan benci biyu a inuwar wata bishiyar ɗorawa, biyu da hula, uku ba hula, don gidan akwai masu zuwa masallaci akwai masu zuwa coci. Baba ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai kamar kullum. Na tsuguna a gefensa. Ana cikin gaisuwa na taɓa shi da gwiwar hannu na ce a hankali, "Baba, yanzu."

Ya ɗago kamar mai leƙen abin da aka hana shi. Ya kalli na farko. Ya kalli na biyu. Ya bi su har na biyar, ya dawo ya sake farawa. Tsofaffi biyar, ƙaraminsu ya haura sittin, haɓa biyar sumul, in ban da ɗan gashi uku ko huɗu da ya yi fari a ta babban. Baba ya manta da kunya, ya saki baki.

Babban kawu ya ce, "Tela, lafiya? Yau kana kallona kamar za ka auna ni riga."

Baba ya rasa inda zai sa kansa. Inna da ta biyo mu ta yi musu bayani da yarensu, tana nuna ni, tana nuna haɓarta, tana kwaikwayon wanzami da hannu. Kafin ta gama bencin biyu sun ɗauki dariya, ɗaya har yana buga cinya. Babban kawu ya share hawaye ya jawo ni ya shafa fuskata da hannunsa mai kaushi.

Ya ce, "Wannan namu ne. Wanzami ba ya cin abinci a gidan nan." Ya juya ga Baba. "Tela, kai kana tsoro ba zai haihu ba? Tsaya."

Ya ɗaga murya ya yi kira. Sai ga su suna fitowa daga ko'ina, manya da ƙanana, masu goyo da masu gemu da marasa shi, har amaryar aka leƙo da ita. Nasa kaɗai goma sha ɗaya, ban da jikoki. Ya ce ko a kira na sauran? Baba ya ce a'a, a'a, ya isa, yana dariya yana rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganinsa yana dariya a gaban surukansa ba sai ranar. Har suka matsa masa ya zauna a kan benci, ya zauna a can bakin-baki, suka ci sakwara a kwano ɗaya.

Bayan la'asar muka kamo hanyar Minna. Yaya yana tuƙi, Inna da sauran mata suna baya suna ta maimaita labarin, ni da Baba muna kujera ɗaya. Yana ta kallon kunyoyin doya ta taga. A lokacin matata ba ta da ciki, babu alamarsa. 'Yarmu ta fari sai bayan shekara guda da 'yan watanni ta zo. Na faɗi haka ne don a san cewa abin da ya gaya mini a motar nan bai jira ya ga komai a ƙasa ba.

Mun yi nisa sosai kafin ya yi magana, kuma bai juyo ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Tsoron nan nawa ne. Na ɗauka na ɗora maka tun kana yaro, ka yi ta ɗauka ba ka ce komai ba." Ya ɗan tsaya. "Ko Allah ya ba ku, ko bai ba ku ba, ba abin da ya rage a jikinka. Ka yafe mini."

Shekara goma sha uku ina jiran maganar nan ban san ina jiranta ba. Na kama hannunsa, hannun da allura ta huda ko'ina, na riƙe. Bai janye ba.

Da muka zo wani ƙauye inda mata ke kasa doya a bakin hanya, ya buga jikin mota ya ce wa Yaya ya tsaya. Ya sauka da kansa, ya zaɓi manya guda biyar, yana juya kowace yana dubawa. Ya dawo ya ajiye su a ƙafafuna.

Ya ce, "Ka kai wa matarka. Ka ce mata gobe bayan la'asar ina nan tafe, ta dama kunu."